Taurarin Gasar 1933: Yadda Malam Zurƙe da Shaihu Umar Suka Zauna a Zukatan Masu Karatu

A shekarar 1933 ne Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin R. M. East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, domin a sami abin karantawa a makarantun boko. Aikin bai zo da sauƙi ba, gama malaman wancan zamani sun ɗauki alƙalami abin hidimar addini da shari'a, ƙagaggen labari kuwa a wurinsu tatsuniya ce, watau hirar mata da yara da dare. Duk da haka littattafai biyar suka fito daga gasar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East.

Babbar matsalar marubutan ita ce ta taurari, watau mutanen cikin labari. A tatsuniya kowa ya san halin Gizo da Ƙoƙi da kura tun ba a fara ba. Mai ƙaga labari kuwa tilas ne ya kawo baƙon da ba a taɓa jin sunansa ba, ya ba shi gari da iyaye da buri, sa'an nan ya sa mai karatu ya damu da makomarsa. Uku daga cikinsu sun warware wannan matsala, kowa ta hanyarsa.

Abubakar Imam, wanda a lokacin malami ne a Midil ta Katsina, shekarunsa ba su wuce 22 ba, ya yi wa tauraronsa abokin hamayya. Alhaji Imam ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, amma abin da masu karatu suka fi riƙewa shi ne karawarsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Duk garin da suka gamu sai ɗaya ya ɗana wa ɗaya tarko, wanda ya sha kashi ya tafi yana shirin ramuwa. Da bakinsa Alhaji ke ba da labarin, bai kuma ɓoye nasa wayon da zambarsa ba. Saboda haka ba a ɗauke shi waliyyi ba, an ɗauke shi mutum.

Tafawa Ɓalewa, malamin Midil ta Bauchi, ya bi hanyar rashi. Umar dattijon malami ne da ke gaya wa almajiransa yadda aka sace shi yana yaro, har wani Balarabe, Abdulkarim, ya tafi da shi Masar ya ilmantar da shi. Mahaifiyarsa ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa bauta, ba su sadu ba sai dab da rasuwarta. Marubucin bai tsaya yin wa'azi a kan cinikin bayi na hamada ba. Wahalar uwa guda ta isar da saƙon. Ƙarfin labarin ne ya kai shi ga zama fim a 1976.

Bello Kagara, yayan Imam, ya kafa Ganɗoki a cikin tarihi na gaskiya, watau yaƙe-yaƙen zuwan Turawa, ya kuma sa masa kirari a baki. Jarumin ya ƙi miƙa wuya, ya yi gabas, ya komo ya tarad da ƙasar ta sake. Ta bakinsa aka ji ɓacin ran mutanen da aka ci da yaƙi.

Darasin da ke nan bai tsaya ga masu ƙaga labari kaɗai ba. Ma'aikacin da ya ajiye aiki ya zauna rubuta tarihin rayuwarsa yakan jera muƙamai da lambobin yabo, ya tsallake wanda ya yi hamayya da shi, da abin da ya rasa, da kuskuren da ya tafka. Irin wannan littafi ba ya wuce kanta. Marubutan 1933 sun nuna cewa ba a tuna mutumin takarda sai an ji muryarsa, an ga aibinsa, an kuma san abin da ya kuɓuce masa.