Me Ya Sa Babu Inji a Shekarar Farko ta Karatun Injiniya?

Ɗalibin da ya samu gurbin karatun injiniya a Zariya ko Kano ko Bauchi yakan shiga jami'a da zaton zai kama sifana tun makon farko. Abin da yake tararwa allo ne: lissafi, fiziks, kemistri da darasin Turanci, galibi a hannun malaman tsangayar kimiyya, cikin ɗakin lacca da ya cika maƙil. Yana iya ƙare shekara bai taɓa inji ba. Da yawa sukan ɗora laifin a kan ƙarancin kayan aiki. Ƙarancin gaskiya ne, amma tsarin ya girme shi nesa ba kusa ba. Asalinsa wata gardama ce da aka fi shekara 200 ana yi a kan inda ya kamata injiniya ya fara: gaban allo ko bakin maƙera.

Faransawa ne suka fara zaɓar allo. A 1794, ana tsakiyar juyin juya hali, ƙasar na yaƙi da maƙwabtanta kuma ga ƙarancin masu gina gadoji da ganuwa, aka buɗe makarantar da a shekara mai zuwa ta ɗauki sunan École Polytechnique a Paris. Jigonta shi ne masanin lissafi Gaspard Monge, kuma Lagrange na cikin malamanta na farko. An ɗauki ɗalibai kusan 400 ta hanyar jarrabawar gasa, ba don gidan da suka fito ba. Ra'ayin Monge shi ne mai gina gada da mai haƙar ma'adinai da mai harba igwa duk tushensu ɗaya ne, don haka a tara su wuri guda su sha lissafi da kimiyya tukuna, daga baya kowa ya wuce makarantar sana'arsa. Matsayin da ɗalibi ya fita da shi ne ke ba shi damar zaɓen inda zai je. Har zanen injiniya, wato dabarar kwantar da abu mai tsawo da faɗi da kauri a kan takarda ta yadda wanda bai taɓa ganinsa ba zai iya ƙera shi, Monge ne ya tsara ƙa'idojinsa.

Ingila kuwa ta daɗe tana yi wa wannan kallon ɓata lokaci. A can yaro kan shiga hannun ubangida ne, kamar yadda ɗan koyo ke zama a garejin makanike, ya yi shekaru yana kallo yana miƙa kaya har hannunsa ya faɗa. George Stephenson, wanda ake yi wa laƙabi da uban layin dogo, bai iya karatu ba sai da ya kai shekara 18. Sai dai shi ɗin ma ya tura ɗansa Robert Jami'ar Edinburgh na 'yan watanni, alamar ya san inda ta yi masa ƙaranci. Sai a 1840 aka kafa kujerar farfesan injiniya a Glasgow.

Amurka ta ɗauko salon Faransa ta hannun soja. Sylvanus Thayer, da ya karɓi ragamar makarantar West Point a 1817 bayan ya dawo daga Faransa, ya sa ana fito da ɗalibi gaban allo kullum ana ba shi maki. Duk da haka yawancin makarantun ƙasar sun ci gaba da ba aikin hannu lokaci mai yawa har Yaƙin Duniya na Biyu ya tona asiri. A manyan ayyukan yaƙin irin su na'urar rada, masana fiziks ne suka ja gaba, injiniyoyi na biye. Frederick Terman na Jami'ar Stanford na cikin waɗanda abin ya yi wa ciwo. Rahoton Grinter na 1955 ya nemi a ƙarfafa lissafi da kimiyya a manhaja, aka rage sa'o'in bita, allo ya ci gari.

Namu tarihin yana da wata lanƙwasa. An fara koyar da injiniya a Zariya ne a reshen Kwalejin Fasaha, Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya da aka kafa a 1952, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta gada a 1962. A wancan zamani ɗalibi kan zo da HSC, wato ya riga ya yi shekara biyu a aji shida na sakandare, a ƙaramin aji, gaban malamin da ya san sunansa, sannan ya yi digiri a shekara uku. Da yake makarantun da ke da aji shida ba su da yawa a Arewa, aka buɗe makarantun share fage irin su SBS ta Zariya. Bayan kafa JAMB a 1978 da shigowar tsarin 6-3-3-4, aji shida ya bi ruwa, digirin injiniya ya zama shekara biyar, kuma abin da ake koyarwa a wancan ƙaramin aji ya koma shekarar farko ta jami'a. Shi ya sa mai IJMB ko difloma ke tsallake ta ya faɗa aji biyu kai tsaye.

A ganina nan ne aka yi asara. An kwaso darasin, aka bar malamin a baya. Yaron da jiya ake duba littafinsa kowane mako, yau shi da ɗaruruwa ke sauraron murya ɗaya, ba mai tambayarsa komai sai ranar gwaji, kuma makin da ya samu a wannan ruɗani zai bi shi cikin CGPA har ya fita. Monge ya san haka ba za ta yi ba: a makarantarsa an rarraba ɗalibai ƙananan rukunai, kowanne da jagora daga cikin waɗanda suka fi ƙoƙari yana maimaita musu darasi. Tutoriyal ɗin da ƙungiyoyin ɗalibai ke shiryawa da dare a jami'o'inmu wannan giɓin suke cikewa, ba tare da kowa ya biya su ba.

Maƙerar ma ba a kore ta gaba ɗaya ba, an dai tura ta gaba. Asusun horar da ma'aikata na ITF ya ƙirƙiro SIWES a 1973 saboda koken masana'antu cewa masu digiri na zuwa musu da takarda babu hannu. A yawancin jami'o'i wata shida ne, kuma yana zuwa a zango na biyu na shekara ta huɗu.