Duwatsun Tongo da tsafin da bindiga ta kasa kashewa

Wanda ya bar Tamale ya nufi Bolgatanga, tafiyar kilomita kusan 160, idan ya kusa isa zai hangi wasu duwatsu ta hannun dama, jibge bisa juna kamar da gangan aka ɗora su. Su ne duwatsun Tongo, ƙasar Talensi. Can sama, daura da ƙauyen Tenzug, akwai kogon da tsafin Tonna'ab yake. Mai son shiga sai ya hau da ƙafa, ya tuɓe riga da takalmi, namiji ne ko mace. Yaranmu na makaranta kan je yawon buɗe ido su dawo da hotuna, amma kaɗan ne cikinsu suka san tarihin wurin ya shafe mu.

A shekarar 1911, zamanin da Armitage ke babban kwamishinan Arewa a nan Tamale, Turawan Ingila suka ɗauri niyyar murƙushe Talensi, domin sun ga cewa daga wannan kogo ne ƙin biyayya ke samun ƙarfi. Sojoji suka hau duwatsun, suka kori mazauna zuwa fili, aka lalata wurin bauta, aka hana komawa. A 1915 aka sake yin haka. Rundunar da ta yi wannan aiki kuwa tushenta 'yan sandan da Turawa ke kira "Hausa" ne. Ba duka sojojin ne Hausawa ba, da yawansu 'yan ƙasar nan ne, sai dai da harshenmu ake ba su umarni. Wannan kaɗai ya isa Bahaushe ya taka waɗannan duwatsu da kunya.

To, me bindigar ta haifar? Mutane suka ci gaba da hawa a ɓoye. Hanyoyin mota da Turawan suka shimfiɗa da kansu su ne suka riƙa kawo Tonawa, wato Asante, daga gonakin koko, masu neman haihuwa da kariya daga mayu. Cikin shekarun 1920 sunan tsafin ya cika kudu, ana ce masa Nana Tongo. Da hukuma ta gaji ta janye haninta, cikin shekarun 1930 mutanen Tenzug suka koma gidajen kakanninsu.

Mu ma muna da dutsenmu. Tarihin Kano ya ce Barbushe bisa Dala yake zaune, yakan sauko ya shiga wurin Tsumburbura, jama'a na kawo baƙaƙen karnuka da bunsuraye. Sarki Tsamiya ya rushe wurin da ƙarfi, amma al'adar ba ta mutu a ranar ba. Sai da Wangarawa suka zo zamanin Yaji, a ƙarni na 14, suka zauna suna karantarwa tsara bayan tsara, kafin zukata su juya. Allo da tawada ne suka yi wannan aiki, kuma sun ɗauki ɗaruruwan shekaru. A ganina, Musulmin da ya hau Tenzug bai da hurumin tuɓe riga don girmama abin da bai yi imani da shi ba, haka kuma bai da hurumin izgili a gidan da yake baƙo. Ya tsaya inda shari'arsa ta tsayar da shi, ya gaida masu gida, ya sauko.

Ko a Jafan an ga irin wannan. A 1945 Amurka ta raba addinin Shinto da mulki, amma ɗakin bautar da ke ƙololuwar dutsen Fuji, mai tsayin mita 3,776, har yau ana hawa zuwa gare shi kowace bazara.

A shekarar 2000 gwamnatin Gana, magajiyar waccan hukuma da ta aika sojoji, ta sanya Tenzug cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya.