Allon da Ba a Buga Ba

Mai gyaran waya a kasuwar Babura, in ya buɗe ta ya ga koren faifan nan mai jijiyoyin jan ƙarfe, fanel zai ce. Ɗalibin lantarki a Kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure kuwa PCB zai ce, haruffan da ke nufin bugaggen allon da'ira. Ni dai allo ya fi kwanta mini. Daga lauhu na Larabci ya zo, kuma tun kafin zuwan lantarki mun san shi da ɗaukar layuka masu ma'ana.

Bugagge fa? Paul Eisler, injiniya ɗan Ostiriya wanda ya san harkar ɗab'i, shi ya sa irin wannan allo cikin rediyo a Ingila wajen 1936. A tasa hanyar, tawada ake bugawa a kan jan ƙarfe, sinadari ya cinye inda ba ta rufe ba. Wanda ke yin nasa a ɗaki da ɗan ƙaramin inji kuwa bai buga komai ba, sunan kawai ya gada.

Injin ma haka. Turawa na ce masa mill, sunan da suke ba injin niƙa. To amma me ya niƙa? Tsininsa yana juyawa ne yana yage fatar jan ƙarfe wadda kaurinta bai wuce kashi 35 cikin 1000 na milimita ba. Kankara ta yi kusa, sai dai ana kankare wuri duka ne. Sassaƙa ta fi, domin masassaƙi ya san abin da zai cire da abin da zai bari.

A nan manhaja ke shigowa, kuma sunanta na burge ni. Manhaj a Larabci bayyananniyar hanya ce. Mun fara aro ta don tsarin karatun makaranta, daga baya muka ba kwamfuta. Ga shi manhajoji irin su FlatCAM da pcb2gcode ba su da aikin da ya wuce fitar wa tsini hanya.

Wace hanya, ke nan? Biyu ne a kan allon, kuma ba sa haɗuwa. Ta wuta ita ce jan ƙarfen da aka bari, ta tsini kuwa gefensa take bi ta zagaye shi. Manomi zai gane nan take: kunya da kwari. Mai zana allon a manhajar KiCad kunya yake zanawa, manhajar tsinin ta lissafa kwarin. Tsinin mai baki kamar harafin V ne, don haka in ya nutse fiye da kima kwarin ya faɗaɗa, kunyar ta sirance har ta tsinke. Hanyar nan kuwa ba na son a ce mata sawu, don sawu bayan tafiya yake zuwa. Turba ta fi dacewa, ita ake shatawa kafin a taka.

Umarnin da manhajar ke fitarwa G-code ne, saboda harafin da ke jan layukansa: G00 na nufin ruga ba yanka, G01 na nufin yanka a miƙe.

Fayil ɗin da ake ba ta kuma Gerber ne, sunan Joseph Gerber, wani ɗan Ostiriyar da ya tsere wa 'yan Nazi ya isa Amurka a 1940, wanda kamfaninsa ya ƙera injinan zana alluna da haske. A Jamusanci Gerber na nufin majemi. Dacewa ce kawai, amma mai daɗi: duk wanda ya ga yadda ake karce gashi daga fata a majema ta Kano ya san hannun da ake nema, mai cire saman bai huda ƙasan ba.