Daga Sin zuwa teburin mai shayi: tafiyar kalma ɗaya

Idan ka je Mosko ka nemi "chai", za a kawo maka abin da kake nufi. Haka a Istanbul, haka a Delhi, haka a Zanzibar. Balarabe ya ce "shay", mu kuma mu ce shayi. To amma Rashanci da Turkanci da Suwahili ba dangin juna ba ne ko kaɗan. Yaya aka yi bakinsu ya zo ɗaya?

Amsar tana ƙasar Sin, inda shan ganyen ya samo asali. Sinawa suna rubuta sunansa da alama guda, sai dai furucin ya bambanta daga yanki zuwa yanki. A mafi yawan ƙasar "cha" ake cewa. A gaɓar tekun Fujiyan kuwa, "te" suke cewa. Daga nan hanya ta rabu biyu.

"Cha" ta bi ayarin fatake ta tudu, ta ratsa tsakiyar Asiya, a Farisa ta zama "chay". Turkawa da Rashawa da Larabawa suka ɗauka. Daidaitaccen Larabci ba shi da sautin "c", shi ya sa ta koma "shay", kuma daga bakin Larabawa ta iso mana. Hausa ba ta cika son kalma ta ƙare da baƙi ba, sai muka ƙara mata wasali: shayi.

"Te" kuma jirgin ruwa ta hau. 'Yan kasuwar Holan, waɗanda suka fara kai ganyen Turai wajajen 1610, da mutanen Fujiyan suke ciniki, don haka furucinsu suka kwasa. Daga wurinsu Faransanci da Jamusanci da Ingilishi suka samu nasu. Fotugal ce ta fita daban: ta zauna a Makawo tun 1557, inda ake cewa "cha", kuma har yau haka 'yan Fotugal ke kiransa.

Ka lura da wani abu: Hausa ta karɓi duka biyun. Shayi ya zo ta hannun Larabawa, "ti" kuma ya biyo Turawan Ingila. Kalma ɗaya ce ta rabu a Sin, ta sake haɗuwa a bakinka.

Me ya sa wannan ya shafe ka? Sau da yawa za ka ji an jero kalmomi biyar masu kama, a ce ai ƙabila kaza daga ƙabila kaza ta fito. Yi hattara. Kalmar haja tana bin haja ne, kamar yadda sabulu da sukari suka zaga duniya. Wani lokacin ma kamar ta haɗari ce kawai: shayin da ake yi wa yara maza ba ruwansa da ganyen Sin. Masana harshe sai sun ga sauyin sauti mai tsari a kalmomin yau da kullum, irin su ƙidaya da sassan jiki, tare da nahawu, kafin su ce harsuna biyu 'yan uwa ne.