Inci Kaɗan Tsakanin Ƙarfe da Kwalta: Tarihin Heda a Ƙarƙashin A-Kori-Kura

Duk wanda ya leƙa ƙarƙashin motar a-kori-kura da aka sauke ta ƙasa a kudancin Kalifoniya, akwai abin da idonsa zai fara cin karo da shi: bututun hayaƙi guda biyu da suka fi kowane ƙarfe kusa da kwalta, galibi a lotse, da tabon gogar titi a cikinsu. Tabon nan yana da tarihi. Al'adu biyu ne na masu sha'awar mota suka haɗu a wannan ƙunci, kowace da buƙatarta, sannan doka ta shigo ta uku ta raba musu gardama yadda ta ga dama.

Sai an fara da injin kafin a fahimci rigimar. Kowace silinda, idan ta ƙone mai, tana tura hayaƙinta waje ta wata kafa. A motar da ta fito daga kamfani, kafofin nan suna zubawa ne cikin wani dunƙulallen baƙin ƙarfe na zubi, wanda makanikai ke kira manifol. Yana da arha, yana da ƙarko, ba ya ƙara, amma hayaƙin silindoji yana cunkushewa a cikinsa, har wani ya tare wa wani hanya. Abin da Amurkawa ke kira heda shi ne maye gurbin wannan dunƙule da bututu siriri ɗaya ga kowace silinda, a lanƙwasa su da tsayi kusan daidai, su je su haɗu a mahaɗa guda can ƙasa. Hikimar tana cikin tsayin. Hayaƙi ba ya fita kamar ruwan famfo, bugu-bugu yake fita, kuma kowane bugu yana barin ɗan gurbi a bayansa. Idan an auna tsayin bututun daidai, wannan gurbi yakan taimaka wajen zuƙo ragowar hayaƙin silinda, sai ta sami sararin shaƙar sabon mai da iska. Dogon bututu ya fi ba da ƙarfi a ƙarami da matsakaicin juyin injin. Matsalar ita ce dogon bututu yana buƙatar wurin bi, kuma a injin mai silinda takwas wurin nan ƙasa ne, ta gefen giya, kusa da ƙasan shasi.

Al'ada ta farko ta masu gudu ce. Tun a shekarun 1930 samarin Los Anjeles ke kai tsofaffin motocin Ford ƙafaffun tafkuna na hamadar Mohabe, irin su Murok, don gwada gudu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai sojoji suka dawo da ilimin walda da na injin jirgin sama, abin ya bunƙasa. Mujallar Hot Rod ta fara fita a 1948, ƙungiyar tseren NHRA ta kafu a 1951, kuma a 1955 kamfanin Chevrolet ya fitar da ƙaramin injinsa mai silinda takwas, wanda ya zama abin wasan kowane gareji. Heda a da aikin hannu ne, kowa da lanƙwasarsa. A wannan zamanin ne mutane irin su Bob Hedman, Doug Thorley da Gary Hooker suka mayar da shi haja da ake saya a kwali a ɗaura a ƙofar gida, kuma har yau ana sayar da heda da sunayensu.

Al'ada ta biyu ba ruwanta da gudu. A unguwannin 'yan asalin Meziko na gabashin Los Anjeles, ado shi ne mota ta yi ƙasa-ƙasa, ta tafi sannu-sannu, kowa ya gan ta ya ga mai ita. Da buhunan yashi ko siminti a but aka fara, daga baya aka koma yanke sifirin. Hukuma ba ta kalli abin da idon rahama ba. A 1958 sashe na 24008 na dokar motoci ta Kalifoniya ya hana tuƙa motar da aka sauya ta yadda wani sashe nata zai fi gindin wilin taya kusa da ƙasa. An kafa hujja da kare lafiya, amma waɗanda aka fi tarewa a titi sun san da su ake. Martanin ya zo a 1959, lokacin da Ron Aguirre ya ɗaura wa wata Corvette famfunan haidirolik na jirgin sama, ta yadda za ta ɗaga idan an hango ɗan sanda, ta koma ƙasa idan ya wuce.

A-kori-kura ba ta cikin ko ɗaya daga al'adun nan da farko. Motar gona ce da ta 'yan kwangila. Chevrolet ne ya buɗe mata ƙofa, ba da niyya ba, da ya fito da C10 a 1960: shasinta ya fi na magabatanta sauka, tayoyin gaba kowace na motsi da kanta, a baya kuma akwai sifirin mai murɗi irin na ƙananan motoci. Mota ce mai saukin saukewa, ga arha a hannu na biyu, ga kuma injin da masu gudu suka riga suka sani ciki da waje. Mai irin wannan mota sai ya so duka biyun, ta kwanta kamar ta 'yan unguwa, ta yi ruri kamar ta filin tsere.

Nan ne lissafi ya ƙi. Sauke mota ba ya sauya matsayin injin a kan shasi. Shasin ne gaba ɗaya ke matsowa kusa da titi, da duk abin da ke rataye a jikinsa. Dogon heda da aka ƙera don motar da ke tsaye yadda kamfani ya yi ta, mahaɗarsa na iya saukowa ƙasa da shasi. A motar da aka rage wa inci huɗu ko biyar, wannan mahaɗa ita ce ke fara gaisawa da kowane tudun rage gudu da kowace mashigar gidan mai. Duka ɗaya mai kyau kan lotsa bututu, ya sassauta notunan da ke riƙe da shi a kan injin, gasket ya fara yoyo. Ga kuma wahalar ɗaurawa: a kauce wa sandar sitiyari, a kauce wa ƙarfen da ke riƙe da giya, a nisanta wayoyin fulogi daga zafi, domin bututu siriri ya fi ƙarfen zubi watsa zafi, har yakan gasa kikstata ta ƙi tayar da mota bayan doguwar tafiya.

Da ƙasa ce kaɗai matsalar, da mai walda ya gama da ita. Amma Los Anjeles gari ne da duwatsu suka kewaye, hayaƙi ba ya da mafita. A farkon shekarun 1950 masanin kimiyya Arie Haagen-Smit na jami'ar Caltech ya nuna cewa hazon da ke sa idon mutanen garin hawaye yana samuwa ne idan hasken rana ya dafa hayaƙin motoci da na masana'antu. Jihar ta kafa hukumar kula da iska, CARB, a 1967, majalisar tarayya ta zartar da dokar tsabtar iska a 1970, kuma daga motocin 1975 aka fara sa tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikan Nijeriya ke yi wa laƙabi da indomi. Kamfanoni ma sun yi nasu zillewar: dokar ta fi sassauci ga motocin da nauyinsu da kaya ya haura fam 6,000, sai Ford ya fito da F-150 a 1975, ta ɗan haura wannan iyaka. Motar da ta zama gagara-badau a kasuwar Amurka daga wannan rata ta fito.

Tukunyar tacewa ba ta aiki sai ta yi zafi sosai, don haka ake ajiye ta kusa da injin, daidai inda dogon heda ke son bi. Ɗaura shi yakan tilasta a matsar da ita baya ko a cire ta, kuma duka biyun laifi ne a Kalifoniya. Daga 1984 jihar ta fara binciken hayaƙin motoci, a 1990 kuma dokar tarayya ta faɗaɗa haramcin taɓa na'urorin hayaƙi har ya shafi mai motar kansa. Kayan da ba na kamfani ba sai ya sami lambar izini daga CARB kafin ya halatta a titi.

Daga tsakanin waɗannan matsi biyu gajeren heda ya samu kasuwa. Bututunsa a rarrabe suke, amma gajeru ne, suna haɗuwa a daidai inda manifol na asali ke ƙarewa. Ba ya saukowa ƙasa da shasi, ba ya taɓa tukunyar tacewa. Ƙarin ƙarfin da yake bayarwa bai kai na dogon ba, kuma masu tsattsauran ra'ayin gudu suna raina shi, da ɗan gaskiyarsu. Amma shi ne wanda titi da hukuma suka yarda da shi a lokaci guda. A 1993 Ford da kansa ya fitar da F-150 Lightning, a sauke tun daga kamfani, da injin lita 5.8 mai ƙarfin doki 240, da heda na bututu irin wanda 'yan gareji suka daɗe suna ɗaurawa.

Sashe na 24008 ya rayu fiye da shekara sittin. A Oktoban 2023 gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar da ta soke shi, ta kuma karɓe wa birane ikon hana yawon nuna mota, daga 1 ga Janairun 2024. Dokar hayaƙi kuwa tana nan daram. Motocin 1975 da waɗanda suka girme su ba a kai su binciken hayaƙi a jihar, shi ya sa a taron masu C10 za a fi ganin dogon heda, da tabon kwaltarsa, a ƙarƙashin ƙirar 1967 zuwa 1972. Mai ƙirar 1985, kafin ya sa sufana a noti, lambar izinin da ke jikin kwalin yake fara nema.