Sifili mai rai

Masu haɗa na'urorin awo a masana'antu suna da wani suna da ke ɗaure wa baƙo kai: sifili mai rai. Ina sifili, ina rai?

A ce tankin ruwa ne aka kafa wa na'urar da ke jin zurfinsa, ana son labarin ya isa ɗakin masu lura da injuna. Waya biyu ake ja, a ba su wuta volt 24, na'urar ta riƙa ƙara ko rage wutar da ke zagayawa. In tanki ya cika, miliamfiya 20. In rabi ne, 12. In kuwa ya koma wayam, allurar ba ta faɗuwa ƙasa, sai ta tsaya a kan 4. Huɗun nan ita ce sifilin, kuma an ce tana da rai ne don har yanzu wuta na gudana.

Hikimar tana fitowa ran da ɓera ya gwaguye waya. Wutar za ta ɗauke ɗungurungum, ma'aikaci ya gane layi ne ya tsinke, ba ruwa ne ya ƙare ba. A tsarin da ke farawa daga 0 zuwa 20, wanda ake kira mataccen sifili, ba ka iya bambance su. Ƙungiyar NAMUR ta Jamus ma ta sa iyaka: abin da ya gaza 3.6, to matsala ce. Da 'yar wutar nan ta sifili mai rai kuma na'urar take ci da kanta, shi ya sa waya biyu suka wadatar.

Gado ne, ba sabon abu ba. Kafin a koma aika saƙon da lantarki, da iska ake aika shi ta bututu, daga psi 3 zuwa 15. Can ma sifilin ɗaya bisa biyar ne na cikar awon, kamar 4 da 20.

Sunan da ban gamsu da shi ba shi ne tiransimita, wanda ake kiran na'urar kanta. Bahaushe na ji, sai ya tuna doguwar eriyar gidan rediyo, alhali wannan ba ta watsa komai a iska. Gwamma kalmar zagaye da ake kiran layin da ita, don ita ta faɗi gaskiyar aikin: wutar fita take ta dawo ta hanya guda. Saboda haka mai awo dole ya buɗe layin ya sa mitarsa a ciki. In mitar volt kaɗai ke hannunka, saka rizisto mai ohm 250 a layin, za ka karanta volt 1 zuwa 5.