Ina Kogin Kwara Ke Zuba Ruwansa?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Yawuri yana son a ba shi tarihin Kogin Kwara, da dalilin da ya sa yake cika da rani alhali ba a ruwa.

AMSA: To Malam, shi dai wannan kogi da Turawa ke kira Neja, mafarinsa na can cikin duwatsun ƙasar Gini, kimanin kilomita 240 daga teku. Amma maimakon ya gangara tekun, sai ya nausa arewa maso gabas ta Mali, ya juyo ta Nijar da iyakar Binin, ya shigo Nijeriya. Tsawonsa kimanin kilomita 4,180.

Wannan kewaye da yake yi shi ya daɗe yana rikita Turawa. Wasu suka ce Tafkin Chadi yake zuba, wasu suka ce Kogin Nilu yake haɗuwa da shi. A 1796 wani Bature mai suna Mungo Park ya gan shi a Segu yana gudu gabas. Da ya dawo ya bi shi cikin jirgin ruwa, sai ajali ya riske shi a Busa a 1806. Sai a 1830 wasu 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka bi shi daga Busa, suka wuce inda Binuwai ke haɗuwa da shi a Lakwaja, har suka fita teku. Daga nan jiragen 'yan kasuwar Turai suka samu hanyar shigowa.

Ruwan Arewa kuwa ba duka ke bin Kwara ba. Rima da Sakkwato da Zamfara da Kaduna su ke zuba cikinsa, Gongola kuma ta bi ta Binuwai. Amma Kogin Kano da Challawa Hadeja suke nufa, su haɗu da Jama'are, su bi Yobe zuwa Tafkin Chadi, wanda ba shi da mafita zuwa teku.

Batun cikar rani, ai ruwan damina ne na Gini. Idan ya iso fadamun Mali sai ya bazu, ya yi ta jan ƙafa, laka ta kwanta, ba zai iso wajenku ba sai lokacin sanyi. Shi ake kira baƙin ruwa. Farin ruwa kuwa, mai laka, na daminarmu ne.

Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, wadda ta shanye tsohuwar Busa, hannun mutum ya shiga lissafin. A Binuwai ma akwai madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda sakin ruwanta ya ƙara tsananta ambaliyar 2012. Saboda haka mai noman bakin kogi kada ya dubi sama kaɗai, ya riƙa kasa kunne ga sanarwar sakin ruwa.

Da fatan mai tambaya ya gamsu.